Ruwan Shekara Ɗari

Auta 'yata,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya a can saman dutsen da suka kai ki suka ajiye. Mu nan da sauƙi. Baba Magini yana nan yadda kika bar shi. Ɓarin dama da ya shanye bai dawo ba, magana sai kalma ɗaya-ɗaya, amma ci yana ci, faɗa da ido ma bai ragu ba. Ni kuwa gwiwa ce ta sa ni gaba, in na daɗe a kan keken ɗinki sai na dafa bango kafin in miƙe.

Kin yi shiru tun da kika tafi. Na san zumuncinmu sai an zauna an warware shi, kakan babanki da kakana ne wa da ƙane. Amma yarinyar da ta yi karatun jami'a a ɗakin ƙuryata, tana cika mini tsakar gida da takardun lissafi, ba zan kira ta 'yar nesa ba.

Kin dai ji abin da kogi ya yi mana a daminar da ta wuce. Ruwa ya kai ƙugu a tsakar gida. Bangon kicin ya zauna. Ɗakin da kika kwana a ciki ya tsage daga sama har ƙasa, sai ki zura hannu ki gaisa da na waje. Maƙwabta ne suka fitar da Baba a kan kujera. Keke ɗaya na tsira da shi, ɗayan tsatsa ta gama da shi.

Yanzu hukuma tana rabon filaye a kan tudu, can bayan gari, ga duk wanda ya yarda ya tashi daga bakin kogi. Na je na gani da idona. Fili ne fetal, ba famfo, ba asibiti, ba mai kawo ɗinki. Kuma in ka karɓa, gidanka na nan rushe shi za a yi. Da na gaya wa Baba sai ya juya fuska bango, bai karɓi abinci ba sai washegari. Kin san da hannunsa ya ɗora kowane bulo na gidan nan.

To, ke ce mai awon ruwan sama a dangi. Ki faɗa mini tsakaninki da Allah, ruwan nan zai dawo ko ba zai dawo ba? An ba mu zuwa ƙarshen rani mu yanke shawara. Kada ki rubuto mini irin maganarku ta rediyo, wai mai yiwuwa ne a wasu wurare. Ni wuri ɗaya gare ni.

Gwaggonki

*

Gwaggo,

Na durƙusa na gaishe ki. Ki gaida mini Baba, ki ce masa ina nan ina kewar hararar nan tasa. Gwiwar kuma ki riƙa ɗan miƙe ta, kada ki bari sai ta ƙage.

Ki yafe mini shirun. A nan motar kaya ce gidan wayarmu. In ta hawo da abinci da batura mun ji labarin duniya, in ba ta hawo ba daga mu sai iska. Waya ba ta kamawa ko ka hau rufi. Akwai oba-oba guda ɗaya, ita ma da babban ofis kaɗai take magana. Mu uku ne a tashar: ni, da Dogo mai gyaran na'urori, da matarsa. Mun gama ba juna duk labaran da muka sani, yanzu maimaici muke yi.

Aikin bai canza ba. Da safe in shiga shingen na'urori, in juye ruwan da ya taru a mazubi cikin kwalbar awo, in karanta zafi da laima da ƙarfin iska, in aika wa ofis. Abin da ke ba ni daɗi kawai shi ne, duk ɗigon da ya sauka a nan ta kusa da ƙofar gidanki zai wuce, don daga gindin dutsen nan kogin naku ya taso. Na nemi a mayar da ni gari. Sun ce sai an sami wanda zai canje ni, kuma duk wanda aka ambaci dutsen nan a gabansa sai ya kawo takardar likita.

Ga maganar da kika tambaya. Na zauna da alƙaluman kogin na duk shekarun da aka taɓa aunawa. Kowace shekara muna ɗaukar ranar da ya fi cika, mu jera, mu fitar da matsakaici, mu ga kuma yadda shekaru ke karkata sama ko ƙasa da shi. Na bara ya yi wa sauran fintinkau, ya kusa ninka matsakaicin. A lissafinmu irinsa ne ake kira ruwan shekara ɗari. Abu ne mai wuyar aukuwa ƙwarai.

Akwai bayani a kan wannan suna da nake son in yi miki a tsanake, amma ga direba can yana ta danna hon, yana son ya sauka da sauran rana. Zan ƙarasa a takarda ta gaba.

'Yarki Auta

*

Auta, Allah ya yi miki albarka,

Muna lafiya, lafiya ma irin wadda muka daɗe ba mu gani ba. Shekara ɗari! Na karanta wurin har sau uku, na cire tabarau na goge na sake dubawa. Ni da na haura sittin, Baba ya ba saba'in baya, ina ruwanmu da abin da zai zo bayan jikokin jikokinmu sun yi furfura? Mun riga mun biya namu bara, sai a bar mu mu huta.

Na jira takardarki ta gaba, ba ta zo ba, wa'adi kuma ya matso. Sai na je na ce musu su ba wani filin, mun gode. Na fitar da 'yan kunne da awarwaron da na ajiye don ranar tsiya, na ce ai ranar ta zo ta wuce. Tsofaffin almajiran Baba na gini, waɗanda yanzu kowa da nasa kamfani, su suka zo suka tayar da bangon.

Da kin ga Baba! Aka fito da shi tsakar gida a kan kujera, sanda a hannun hagu. In bulo ya karkace sai ya buga ƙasa, ya ce, "Sake." Wani ƙato mai gemu, uban 'ya'ya biyar, sai ga shi yana rawar jiki yana "To, Baba." Ranar da aka gama shafe, na ji dariyarsa. Rabon da in ji ta tun kafin ya faɗi.

Maƙwabcinmu mai gyaran rediyo ya karɓi takardarki ya karanta wa 'yan layi a ƙofar shagonsa. Ya ce ga magana daga bakin masu abin. Gida huɗu suka fasa tashi saboda ke. Yanzu in na fita sai a ce, ina labarin 'yarki mai ilimi? Ni kuwa in ta hura hanci kamar ni na haife ki.

Na ɗinka miki rigar sanyi mai kauri, tana cikin ƙunshin nan. Ki sa ta, na san halinki.

Gwaggonki

*

Gwaggo,

Ina gaisuwa, na ga riga, na gode. Ki yi haƙuri ba zan tsawaita gaisuwar ba.

Motar kaya ta lalace a hanya, ta daɗe ba ta hawo ba. Bayanin da na yi miki alkawari na rubuta shi tun washegari, yana nan kan teburina yana jiran mota. Da motar ta zo, sai ga takardarki a ciki. Na karanta a tsaye, na nemi wuri na zauna.

Gwaggo, ruwan shekara ɗari ba ya nufin sai bayan shekara ɗari zai dawo. Sunan ne mugun suna, mu ma a wurin aiki mun san yana ruɗa mutane, ni kuma na jefo miki shi na tafi.

Ki ɗauko gwangwanin maɓallanki. Ki ƙirga guda ɗari, casa'in da tara farare, ɗaya baƙi. Ki rufe ido ki zaro ɗaya. Wannan damina ɗaya ke nan. In fari ne, an wuce lafiya. In baƙi ne, ruwa ya shigo. Sannan ki mayar da wanda kika zaro cikin gwangwanin, ki girgiza. Ki mayar, Gwaggo, nan maganar take. Baƙin da ya fito bara bai tafi ko'ina ba, yana ciki bana, yana ciki baɗi. Kogi ba ya tuna cewa ya zo. Abin da sunan ke nufi kawai, kowace shekara akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin ɗari. In mutum ya zauna shekara talatin a wurin, yiwuwar ya gamu da shi ta kai kusan ɗaya cikin huɗu.

Akwai wadda ta fi wannan. Awon kogin nan bai fi na shekara arba'in da 'yan kai ba. Daga su muka ja layi muka yi kirdadon ɗari. Wato ba mu taɓa leƙa cikin gwangwanin ba, hasashe muka yi cewa baƙin ɗaya ne. Tun lokacin an sare dajin da ke gangaren nan, gari kuma an malale shi da siminti, ruwa ba ya samun wurin nutsewa. Ina jin tsoron baƙaƙen sun kai uku ko huɗu.

Don Allah ki koma wurin masu filin, ko da roƙo ne. Ki kuma ba mai gyaran rediyo wannan ita ma ya karanta musu. A nan an fara ruwa, kuma ya fara da ƙarfi.

Auta

*

Auta,

Muna lafiya. Baba yana lafiya, don ban gaya masa ba.

In abu kashi ɗaya ne cikin ɗari, me ya hana ku ce kashi ɗaya cikin ɗari? Wane ne ya zauna a ofis ya raɗa masa shekara? Ni in mace ta ce in yanka mata yadi biyar, biyar nake yankawa, ba na cewa ai biyar ɗin suna ne kawai.

Na koma wurin masu filin. Na yi layi a rana da wannan gwiwar. Wani mai ƙaramin gemu ya ce an rufe, wanda na mayar ma har an fara haƙa tushe a cikinsa. Na kai wa mai gyaran rediyo takardarki. Ya karanta shi kaɗai, ya ninke, ya miƙo mini, ya ce, "Ta farkon ta fi ma'ana. Wannan tsoro ne ya kama ta a kan dutse." Ni ma da zan iya, ta farkon zan riƙe.

Na gwada abin maɓallin naki. Na yi ta zara ina mayarwa har hannuna ya gaji, fari, fari, fari. Har na fara jin sanyi a raina. Baba yana kallona, ya ɗauka wasa na ƙirƙiro, ya miƙo hagunsa. Na kai masa gwangwanin. Zarar farko sai ga baƙin a tafinsa. Yana ta murna wai ya ci. Na tashi na shiga kicin.

Yanzu ga mu nan. Gida ya yi kyau, fenti sabo, abin hannu ya ƙare, babu wurin zuwa. In hadari ya haɗo sai in bar ɗinki in tsaya a bakin ƙofa kamar mai jiran baƙo. Ba fushi nake yi da ke ba. To, ina yi, amma zai wuce. Ki dai riƙa gaya mini abin da kike gani daga can.

Gwaggo

*

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba. Mu lafiya lau, sai dai gadar da ke gindin dutse ta tafi. Mota tana tsayawa a wancan ƙetaren, a ɗaure mana kaya a bokiti a jawo da igiya. Ta bokitin nan takardar nan za ta fita. Mu kam ba mai fita sai an gyara, matar Dogo ma da ciwon haƙori take kwana take tashi.

Ki saurare ni da kyau. Ruwan da muka auna a watan nan ya riga ya wuce matsakaicin wata biyu. Ƙasa ta ƙoshi, in ka taka sai ruwa ya tsattsafo. Duk wanda zai sauka yanzu kai tsaye kogi zai tafi. Ga kuma wani babban hadari yana tahowa cikin mako mai zuwa.

Ga yadda ake yi. A babban ofis akwai kwamfuta da ke lissafa tafiyar iska. Da yake ba wanda ya san halin sararin sama na yau daidai-wa-daida, sai a sa ta yi lissafin sau hamsin, kowane karo a ɗan sauya mafarin kaɗan. Kamar ki yanka riga hamsin da awon da kike shakka a kansa, ki ga nawa za su matse. A wannan karon, ashirin cikin hamsin sun kawo ruwa layinku. Kashi arba'in cikin ɗari ke nan.

Ofis ba ya shelar a tashi sai ta kai sittin. Na yi magana da shugaban sashenmu ta oba-oba, na ce a duba unguwannin bakin kogi daban, tunda ƙasa ta jiƙe. Ya ce ƙa'ida ƙa'ida ce, in tsaya a kan awona. Doka kuma ta hana mu ba wani hasashe a bayan fage. Na sani, ina kuma rubutowa.

Ki ɗauke Baba ki kai shi gidan Yaya, 'yarku, saman benen nan na mijinta, kafin tsakiyar mako. Ki tafi da keken.

Auta

*

Auta,

Gaisuwa. Mun je, mun dawo.

Na yi yadda kika ce. Na kuma gaya wa 'yan layi, don ba zan iya sulalewa in bar su ba. Wasu suka bi ni, har da mai gyaran rediyo, yana gunaguni ya rufe shago ya tafi wurin ƙaninsa.

Kin san matakalar gidan surukina, ko akwati sai an karkata shi. Mutum uku suka ɗauki Baba. A kwana kafaɗarsa ta bugi bango, ya yi ƙara. Kafin a kai sama fitsari ya kufce masa, a gaban surukinsa, a gaban jikoki. Auta, mutumin da ya yi shekara arba'in yana hawa saman gini ba tsani. Na ga hawaye yana bin gefen fuskarsa mai motsi. Ɗakin kuma taga ɗaya ne, tana kallon bangon maƙwabta. Ya kwanta yana kallon silin, ko "sake" ɗin bai ƙara cewa ba.

Aka yi ruwa, ba a ce ba a yi ba. Kogi ya cika ya zo har bakin kwalta, ya tsaya yana kallonmu, ya koma. Ko tabarmar ƙofa bai jiƙa ba.

Da muka dawo sai muka tarar ɓarayi sun fasa shagon mai gyaran rediyo, sun kwashe kayan mutane da ke wurinsa. Ya zo ƙofar gidana ya yi ta faɗa, ya ce da shekara ɗarin da kashi arba'in ɗin duk ƙarya ce, 'yata ba ta san komai ba sai wasa da hankalin talaka. Ya ce sai ya kai ƙara ofishinku, kuma na ji an ce ya je. Yara in sun gan ni sai su ce, Gwaggo yau kashi nawa ne?

Ni ban iya lissafinku ba. Ki bar kwamfuta, ki bar maɓalli. Abu ɗaya zan tambaye ki. In gobe kika sake ganin arba'in ɗin nan, kuma mahaifinki ne kwance a gadon nan, za ki sake hawa da shi matakalar?

Gwaggo

*

Gwaggo,

Na gaishe ki. Abin da ya sami Baba a matakala ya hana ni sukuni. Ki riƙe masa hannu ki ce Auta tana ba shi haƙuri.

Ƙarar ta iso. An karanta mini takardar tuhuma ta oba-oba, Dogo yana tsaye yana ji. Shugaba ya ce an sami wanda zai canje ni bayan damina, amma in na ƙara fitar da lamba ba da izini ba, maganar ta mutu, in shirya zama. Gwaggo, ina son in sauka. Na gaji da gajimare a taga, na gaji da jin muryata ni kaɗai. Wani lokaci ina zagaya shingen na'urori kamar akuyar da aka ɗaure.

Arba'in cikin ɗari na nufin in an yi irin wannan rana sau goma, shida ruwa ba zai zo ba. Abin da ya fi yiwuwa shi ne ya faru. Ba a gane gaskiyar mai hasashe da rana ɗaya, sai an tara ranaku da yawa an ga ko arba'in ɗinsa arba'in ce. Na san wannan ba zai mayar wa mai gyaran rediyo kayansa ba.

Ga amsar tambayarki. Akwai kuskure iri biyu. Ki tashi ruwa bai zo ba: an sha wahala, an sha kunya, an yi asara. Ko ki zauna ruwa ya zo, ga mutumin da ba ya iya tsayawa, ga ke da gwiwa. Na farko ana warkewa. Ofis yana jiran sittin ne don shi gari guda yake tayarwa, da asibiti da kasuwa, kuma yawancin mutane suna iya gudu in ta ɓaci. Baba ba ya iyawa. Lambarsa ba irin ta kowa ba ce. Da mahaifina ne, ko kashi ashirin cikin ɗari na gani zan hau da shi, yana zagina ina hawa.

Na faɗa miki wannan ne don ki riƙe, tunda daga yau bakina a ɗaure yake. Ki sa ido a kan kogin da kanki.

Auta

*

Mama, ina wuni. Ba ki san ni ba. Ni ce mai karɓar saƙon oba-oba a babban ofis, tare muka fara aiki da 'yarki. Yau da safe bayan ta gama ba ni awo ta ce in rubuta wannan in kawo miki da hannuna. Na ce mata layin nan ana naɗar duk abin da aka faɗa a kansa. Ta ce ta sani. Ga maganarta yadda ta faɗa:

"Gwaggo, ashirin da bakwai cikin hamsin. Bai kai na shela ba. Mazubina ya cika ya tumbatsa tun jiya, ban taɓa ganin haka ba. Ki hau da shi yau."

*

Auta 'yata,

Ina gaishe ki, gaisuwar wanda ya ga abin da ya gani. Muna raye, ni da Baba. An ce har yanzu ba a gyara gadarku ba, to Allah ya sa bokitin ya kai miki wannan.

Da yarinyar nan ta kawo saƙonki na aika aka kira surukina. Baba yana ganinsu da kujera ya gane. Ya kama ƙarfen gado da hagunsa. Kin san hannun magini. Maza uku suka tsaya cirko-cirko, ba mai iya taɓa shi don kunya. Na ce, "Malam, ka saki." Ya ce, "A'a." Na ce, "Don Allah." Ya ce, "Gidana." Sai na durƙusa na ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Tun da aka kawo ni gidansa ban taɓa sa masa ƙarfi ba sai ranar. Bai yi ƙara ba. Ya dai kawar da kai, kuma daga ranar ko na kawo abinci sai dai 'yarsa ta ba shi.

Na bi layi gida-gida. Masu ƙananan yara suka tashi. Mai gyaran rediyo ya ce shi ba zai sake barin shago ga ɓarayi ba, in gaida mai lissafi.

Washegari da hantsi ruwan ya zo, rana tana haskawa, ko ɗigo ba a yi a gari ba. Daga sama ya taho, daga wurinku. Motar shela ta fito tana cewa a tashi, a lokacin ya riga ya shiga layinmu. Waɗanda suka gani sun ce bai yi kama da na bara ba, wannan da gudu ya zo, da itatuwa a kansa. Ya haura taga. An ciro mutane daga kan rufi da kwalekwale. Mai gyaran rediyo ya fito, sai ya koma ɗauko wani abu. An same shi can ƙasa da gada bayan ruwa ya janye. Allah ya jiƙansa. Na san abin da za ki ce a ranki, cewa da ba a tayar da shi a banza karon farko ba da ya tashi a na biyu. Ni ma na faɗa wa kaina. Kada ki ɗauka ke kaɗai, ki bar mini rabi, ni na buga masa ƙofa duka biyun.

Ƙawarki mai saƙon oba-oba ta zo duba mu. Ita ta gaya mini an soke saukowarki, wai sai wata daminar a sake dubawa. Na ce ko da ruwan ya zo? Ta ce sun ce ba a kan ruwan ake hukunta ki ba, a kan bakin ne. Ke a kan dutse, mu a saman bene, kowa da tagarsa guda.

Shekaranjiya Baba ya buga sanda a ƙasa har na zo. Bai dube ni ba, ya ce, "Gida." Na ce babu abin gani. Ya sake bugawa. Aka sauko da shi, aka sa a mota, aka kai shi.

Laka har gwiwa. Kicin babu shi. Bangon baya ya kwanta gaba ɗaya, daga tsakar gida kana hango kogi yana tafiyarsa kamar bai san komai ba. Bangon gaba ne kawai a tsaye, da ƙofarsa, da sabon fentin. Surukina ya fara cewa ai tushe yana nan, in an sami hali a hankali za a tayar. Baba ya ɗaga masa sanda ya katse shi. Ya sa aka matsa da kujerar jikin bangon. Ya ƙwanƙwasa nan, ya kara kunne, ya ƙwanƙwasa can. Ya daɗe yana yi. Sannan ya tura sandar a gindin bangon, ta shige kamar cikin dambu, har rabi.

Ya zaro ta ya ɗora a cinya. Sai ya juyo ya dube ni, ido cikin ido, karo na farko tun ranar gadon. Ya kamo bakin mayafina da yatsun nan da na ɓamɓare. Ya ce, "Bar masa." Na ce, "Wa?" Ya nuna kogi da haɓa. Ya ce, "Mu tafi."

Aka ɗauke shi aka yi gaba. Ni na fito ƙarshe. Na jawo ƙofa zan sa kwaɗo, sai na tuna babu komai a bayanta. Na bar ta a buɗe na bi su.

Ban san inda za mu zauna ba tukuna. In na sani zan rubuto miki, don ki san inda za ki same mu ranar da suka sake ki.

Gwaggonki